Idan Taya Ta Fice, Ƙofar Wa Za a Buga?

A Amurka akwai wata irin tirela da ba ta yi kama da wadda muka saba gani tana ɗaukar siminti ko shanu a hanyar Kano zuwa Legas ba. Ɗaki ne guda a kan tayoyi, da gado da kicin da banɗaki da tankin ruwa a ciki. Magidanci yakan ɗaura ta a bayan a-kori-kurarsa, ya kwashi iyali su tafi hutu, inda dare ya yi musu nan ne gida. Kasuwarta ba ƙarama ba ce. A shekarar 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, masana'antun ƙasar sun fitar da irin waɗannan gidaje na tafi-da-gidanka sama da 600,000, kuma kusan tara cikin goma waɗanda ake ja ne, ba su da injin kansu. Mafi yawansu ana haɗa su ne a arewacin jihar Indiyana, a garin Elkhart da kewayensa, inda kamfanoni irin su Thor Industries da Forest River suke da hedikwata. Abin da ya dame ni game da wannan kasuwa ƙaramin abu ne a ido: taya, da wilin da take zaune a kai, da notocin da ke riƙe da wilin. A nan ne ake yawan samun matsala, kuma a nan ne takardar garanti take yin shiru. Ra'ayina shi ne kamfanin da ya manna sunansa a jikin tirelar, ya karɓi kuɗinta, shi ya kamata ya amsa laifin ƙafafunta a gaban mai saye, in ya so daga baya ya bi wanda ya kawo masa kayan ya karɓi haƙƙinsa.

Sai an san yadda ake yin tirelar kafin a gane inda gizo ke saƙa. Kamfanin da sunansa ke jikinta haɗawa yake yi, kamar tela da ya sayo yadi a wani shago, zare a wani, maɓalli a wani. Shasi da aksul galibi daga kamfanoni irin su Lippert ko Dexter suke zuwa. Taya da wili kuma sukan iso a haɗe, an riga an hura musu iska, daga dilolin da suke shigo da su, mafi yawa daga ƙasashen Asiya. Firji na wani ne, murhu na wani ne, na'urar sanyaya ɗaki ta wani ce. Shi ya sa mai saye, ran da zai ja tirelarsa, ake miƙa masa jaka cike da takardu, kowane kaya da nasa garantin. Garantin da kamfanin haɗawa ke bayarwa yawanci na shekara ɗaya ne, wasu biyu, kuma a cikin jerin abubuwan da ya ce ba ruwansa da su za ka tarar da taya. Wili kuwa ya danganta: wani lokaci a ce na dilan da ya kawo ne, wani lokaci a ce tsatsa da ɓarewar fenti ba sa cikin lissafi. Boris da giris ɗinsa an sa su a layin kayan da mai tirela ne zai riƙa dubawa duk shekara ko duk bayan mil 12,000. Kowace takarda in ka karanta ta ita kaɗai, za ka ga tana da ma'ana. Sai ka jera su gaba ɗaya sannan ka ga ramin da ke tsakaninsu.

A ce wilin alminiyom ya fice daga tirela a kan babbar hanya. Yadda abin ke faruwa sananne ne ga duk makanike. Noti ba ya riƙe wili don yana nan kawai. Ɗaurin da aka yi masa ne ke matse wilin a jikin hob, wato ƙarfen da ke juyawa a bakin aksul, har su zama kamar abu guda. Idan akwai fenti mai kauri ko datti a tsakanin fuskokin biyu, ko kuma alminiyom ɗin ya ɗan lotsa a ƙarƙashin notin bayan an fara tafiya, matsin sai ya ragu. Da ya ragu, wili ya fara ɗan motsi, ramukansa su fara faɗi, bol ya riƙa lanƙwasa gaba da baya har ya gaji ya karye, ɗaya bayan ɗaya. Direba yana can gaba a cikin mota, ba ya jin komai, sai dai ya hango taya tana wuce shi. Saboda wannan ne littafin masu aksul ya ce a sake gwada ɗaurin notoci da sifana mai awo bayan mil 10 na farko, da mil 25, da mil 50. Umarnin daidai ne. Amma wa ke jan tirelar a wannan mil hamsin na farko? Ai ba mai saye ba ne. Direban haya ne yake ɗauko ta daga Indiyana ya kai ta filin dila, wanda zai iya kasancewa a Kalifoniya, tafiyar mil dubu biyu. Kafin mai saye ya ɗora ido a kanta, lokacin da ya fi kowane hatsari ya riga ya wuce a hannun mutanen da bai san su ba, kuma ba a ba shi wata takarda da ke nuna an gwada notocin ko ba a gwada ba. Duk da haka, ran da wili ya fice, tambayar farko da za a yi masa ita ce ko shi ya gwada.

Batun nauyi ma haka yake, kuma lissafinsa ba ya buƙatar injiniya. Akwai aksul da aka saba sa wa ƙananan tirelolin nan, mai ɗaukar fam 3,500, wato kilo 1,590 ko kusa da haka. Akwai kuma tayar da aka daɗe ana haɗa shi da ita, mai lamba ST205/75R14 ta ajin C, wadda iyakar ƙarfinta fam 1,760 ne idan iskarta ta cika geji 50. Taya biyu ke nan fam 3,520. Rarar da ke tsakanin abin da aksul zai ɗauka da abin da tayoyin za su iya fam 20 ce kacal, kilo tara, bai kai nauyin jarkar ruwa guda ba. Dokar tarayya ta yarda da wannan, domin abin da ta nema shi ne kada ƙarfin tayoyi ya gaza na aksul. Sai dai nauyi a cikin tirela ba ya rabuwa daidai wa daida. Kicin da firji suna gefe guda, tankin ruwa yana wani wuri, don haka taya ɗaya na iya wuce iyakarta alhali jimillar nauyin tana cikin ƙa'ida. Ƙara da cewa taya tana rage iska da kanta a hankali, kuma kowane geji da ya ragu yana rage mata ƙarfi. A tirela mai aksul biyu, duk kwanar da aka sha sai tayoyin sun goge ƙasa a karkace, abin da ke jan layukan wayar cikinsu su so rabuwa. Masana'antar da kanta ta amsa cewa wannan rara ta yi kaɗan, domin daga 2017 ƙungiyarsu ta RVIA ta wajabta wa mambobinta barin rarar kashi 10 cikin ɗari. Gyara ne mai kyau, kuma shaida ce a kan wanda zaɓin taya yake hannunsa tun farko.

Idan taya ta fashe a guje, asarar ba ta tsayawa a kanta. Robar da ta ɓalle da wayoyin ƙarfen cikinta sukan yi ta bulala a ƙarƙashin tirela har direba ya samu wurin tsayawa: su yage murfin taya, su fasa katakon daɓe, su tsinke wayoyin birki da na wuta, wani lokaci su taɓa bututun gas na girki. Tayar kanta kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da gyaran bodi. To a nan ne mai tirela yake fara zagaye. Dila ya ce shi sayarwa kawai ya yi, a tuntuɓi kamfani. Kamfani ya nuna masa layin da ya ce taya ba ta cikin garantinsa. Mai taya ya ce a aiko da ragowar robar a bincika, in an ga laifinsa zai ba da sabuwa ko ya rage kuɗi gwargwadon abin da ta ci, amma ɓarnar da ta yi wa bodi sai an yi wata maganar, domin takardu da yawa suna cire irin wannan asara. Mai aksul kuma ya ce nasa ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Ba lallai ne wani cikinsu ya yi ƙarya ba. Tsarin ne aka gina yadda kowa ke riƙe da guntun alhaki, kuma mutum ɗaya da aka bar wa aikin haɗa guntayen shi ne wanda ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da lauya, tirelarsa kuma tana ajiye a filin dila makonni tana jiran kayan gyara, kwanakin garantinta suna ƙarewa.

Amurka ta taɓa ganin inda irin wannan tura-wa-juna ke kaiwa. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a kan motar Ford Explorer, bayan haɗurran da suka ci rayuka masu yawa. Ford ya ce tayar ce, Firestone ya ce motar ce da ƙarancin iskar da Ford ya ba da shawara a riƙa sawa, kuma a 2001 suka raba gari bayan kusan shekara ɗari suna hulɗa. Majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar TREAD tun a shekarar 2000, wadda daga cikinta aka wajabta wa sababbin ƙananan motoci na'urar da ke gargaɗin direba idan iskar taya ta ragu. Wajabcin bai haɗa da tirela ba, alhali ita ce direba ba ya jin motsinta a hannunsa. Misali na biyu ya fi kusa. Tayar Goodyear G159, wadda aka ƙera daga 1996 zuwa 2003, an sa ta a manyan gidajen tafi-da-gidanka masu injin kansu, aka yi ta shari'a a kanta shekara da shekaru. Sai a watan Yunin 2022 kamfanin ya janye kimanin 173,000 daga cikinsu bayan matsin hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA, yana mai cewa tayar ba ta da aibi, kuma masu haɗa motocin ne suka zaɓe ta, su ne ke da alhakin sanin nauyin da za ta ɗauka. Kusan shekara ashirin bayan an daina yin ta. Ban kawo wannan don yanke wa wani hukunci ba. Abin lura shi ne hujjar mai tayar kanta tana nuna yatsa ne ga wanda ya zaɓa ya ɗaura.

Masu kare tsarin da ake kai suna da hujjoji, kuma mafi ƙarfinsu ita ce sakacin masu tirela. Gaskiya ne mutane suna lodi fiye da kima, suna tafiya ba su gwada iska ba, suna barin tirela a rana wata shida sannan su ɗaura ta su kama hanya. Gaskiya ne kuma tayar ST, wato irin ta tirela, an daɗe ana ƙayyade mata gudun mil 65 a sa'a, kimanin kilomita 105, alhali manyan hanyoyi da yawa sun yarda da 70 zuwa 80, kuma direbobi suna bin na hanya su manta da na taya. Kamfani zai ce don me zai biya kuɗin gangancin wani? Amsata ita ce ba wanda ya ce ya biya. Garanti bai taɓa nufin a biya duk wanda ya zo da kuka ba. Abin da ake magana a kai shi ne wa zai karɓi ƙorafin, wa zai yi binciken, kuma a kan wa nauyin kawo shaida yake. Kamfanin da ke sayen tayoyi dubu-dubu yana iya gane cewa wani rukuni na fashewa fiye da saura, yana da injiniyoyin da za su duba roba su bambance wadda ƙusa ta huda da wadda layukanta suka rabu. Mai tirela ɗaya ba shi da ko ɗaya. A Tarayyar Turai, doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin kaya na shekara biyu, kuma aibin da ya bayyana a shekarar farko ana ɗaukarsa yana nan tun ranar saye, sai in mai sayarwa ya nuna akasin haka. Ba ta hana shi kare kansa ba. Idan ya auna tirela ya ga an yi mata lodin jaki, ya ƙi biya, kuma yana da gaskiya.

Hujja ta biyu ita ce ai kamfanonin mota ma sukan bar garantin taya ga mai taya, me ya sa za a ware masu tirela? Kwatancen yana da rauni ta fuska biyu. Wilin mota dai yana cikin garantin motar, wanda galibi shekara uku ne ko mil 36,000, kuma ba a taɓa jin an tura mai sabuwar mota ya nemi wanda ya narka alminiyom ba. Tayar mota kuma yawanci ta sanannen kamfani ce mai shago a kowane gari, za ka shiga da ita a duba nan take. Tayar da ke zuwa da tirela sau da yawa sunan da ke jikinta na mai shigo da kaya ne, ba shagon da za ka je, sai lambar waya da fom. Masu tirela har laƙabi suka sa wa irin waɗannan tayoyi, suna kiransu bama-baman Caina. Laƙabin bai yi adalci ba, domin ƙasar Sin tana ƙera kaya gwargwadon kuɗin da aka ba ta da ma'aunin da aka gindaya mata, mai kyau da maras kyau. Wanda ya zauna a ofis a Indiyana ya sa hannu a kan oda mafi araha shi ya san abin da ya saya. Shi kuwa mai saye ba a tambaye shi ba. Ba ya zaɓen taya, ba ya zaɓen wili, kuma lambar da ke nuna iyakar nauyi da iskar da wilin zai iya ɗauka galibi a bayansa aka buga ta, sai an kwance shi ake gani. Mutane da yawa suna cire tayoyin da suka zo da sabuwar tirela su sa wasu da kuɗinsu tun kafin tafiyar farko. Kasuwar da masu sayenta suka mai da wannan al'ada ta riga ta faɗi abin da take tunani game da kayanta.

Sai maganar tsada. Za a ce in aka ɗora wa kamfani wannan nauyi, farashi zai hau, talaka ya rasa tirela. Zai ɗan hau, ban musa ba. Amma kuɗin ana biyansa yanzu ma, a gefen hanya, a wurin mai gyara, a kuɗin inshora, kuma wanda ya yi rashin sa'a ne yake biya shi kaɗai. Idan nauyin ya koma kan kamfani, shi ne zai iya rage shi, domin shi ke da ikon canza dilan taya, ko hawa daga ajin C zuwa D, inda wannan tayar mai inci 14 take ɗaukar fam 2,040. A masana'antun Elkhart da yawa ana biyan ma'aikata ne gwargwadon yawan abin da suka haɗa, don haka sauri shi ne kuɗi, kuma babu abin da zai sa a tsaya a goge fenti daga fuskar hob sai in rashin gogewar zai dawo wa kamfani a aljihu. Bahaushe ya riga ya gama wannan magana da ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malamanmu na fiƙihu ma sun san babin a ciniki: kayan da aka samu da ɓoyayyen aibi wurin wanda ya sayar ake mai da su, ba a cewa mai saye ya je ya nemo masaƙi.

Doka a Amurka ba ta cike wannan rami ba. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta tilasta wa mai ba da garanti a rubuce ya faɗi sharuɗɗansa a fili, ta kuma ba mai saye damar kai ƙara, amma ba ta hana a rubuta garanti mai iyaka da ya cire taya ba. Dokokin jihohi da ke tilasta a karɓi sabuwar motar da ta ƙi gyaruwa a mai da kuɗi, da yawansu ba sa shafar abin da ba shi da inji. Wasu takardun garantin ma suna cewa in za a yi shari'a sai a Indiyana, ko da mai tirelar a Fulorida yake. Mutumin da asararsa dala dubu uku ce ba zai ɗauki lauya a wata jiha ba, kuma masu rubuta takardar sun san da haka.

Gyaran da nake gani ba ya buƙatar sabuwar fasaha. Ƙofa ɗaya ake so: duk abin da ya zo a jikin tirela ranar da aka saye ta, daga rufi har noti, dila da kamfani su karɓi ƙorafinsa a shekarar farko aƙalla, har da ɓarnar da taya ta yi wa bodi, sai in sun nuna laifin mai ita ne. Na'urar gargaɗin iska, wadda wasu kamfanonin sun fara sawa don kansu, a mai da ita dole kamar yadda take a mota. Tana kare mai tirela, tana kuma kare kamfani daga mai ƙaryar cewa iskarsa a cike take. A auna nauyin da ke kan kowace taya daban kafin tirela ta bar masana'anta, a rubuta. A rubuta shekarun tayoyin ma, tunda lambobi huɗu na ƙarshe a jikin kowace taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, 2321 na nufin mako na 23 na 2021, kuma tirela na iya shekara a filin dila kafin a saye ta. Sai takarda guda ta ɗaurin notoci, mai layi huɗu: ma'aikacin da ya ɗaura a masana'anta ya sa hannu, direban haya ya sa hannu a mil 10 da 25 da 50, dila ya sa hannu ranar miƙawa, layin ƙarshe a bar wa mai saye. Ran da wili ya fice, a ɗauko takardar a duba layin da babu sa hannu.